Daga Teburin Rance Zuwa Kujerar Gwamna: Aikin Malam Sanusi Lamido Sanusi a Harkar Banki, 1985-2014

Gabatarwa

Hausawa kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan karin magana ta dace da tarihin aikin Malam Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya yi wajen shekara 18 yana aiki a bankunan kasuwanci, sa'an nan aka ɗauko shi aka ɗora a kujerar Gwamnan Babban Bankin Nijeriya, watau hukumar da ke sa wa bankuna doka, take kuma lura da su. Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin wannan ƙaura tasa daga cikin banki zuwa wurin tsara manufa, domin a ga abin da sanin cikin gida ya amfana masa, da kuma inda wannan sani ya kasa kare shi. Ba za a taɓo sha'anin sarauta ba sai inda ya zama dole.

Asali da Karatu

An haifi Malam Sanusi a Kano ran 31 ga Yuli 1961. Kakansa shi ne Sarkin Kano Muhammadu Sanusi, wanda ya yi sarauta daga 1953 zuwa 1963. Mahaifinsa kuwa, Ciroman Kano Aminu Sanusi, ma'aikacin huldar jakadanci ne, wanda ya wakilci Nijeriya a Beljiyam da Sin da Kanada, ya kuma riƙe muƙamin babban sakatare a Ma'aikatar Harkokin Waje. Malam Sanusi ya yi firamare a Kaduna, ya yi sakandare a Kwalejin King's da ke Legas, daga nan ya wuce Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda ya sami digiri a fannin tattalin arziki cikin 1981. Bayan ya yi hidimar ƙasa a tsohuwar Jihar Gongola, sai ya koma Zariya ya ƙaro karatu, ya kuma koyar a jami'ar har zuwa 1985.

A wannan shekara ce ya bar alli ya shiga banki. Ya fara aiki da Icon, wani banki da ke hulɗa da kamfanoni da manyan 'yan kasuwa, wanda ke da alaƙa da Morgan Guaranty na Amurka da Baring Brothers na Ingila.

Bankunan da Ya Tarar

Shekara guda da shigarsa, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na 1986, wanda ya sassauta sharuɗɗan buɗe banki. Nan da nan bankuna suka yi ta tsirowa kamar ciyawar damina, daga wajen 40 cikin 1985 zuwa wajen 120 a farkon shekarun 1990. Da yawa daga cikinsu ba su dogara da karɓar ajiya da ba da rance ba. Sana'arsu ita ce sayen kuɗin ƙasashen waje a farashin gwamnati, su sayar a kasuwar bayan fage. Waɗansu kuma masu su ne suka riƙa ranta wa kansu kuɗin jama'a.

Ba a daɗe ba sakamako ya bayyana. Cikin 1994 gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa kotuna na musamman domin shari'ar waɗanda suka durƙusar da bankuna, cikin Janairu 1998 kuma aka rufe bankuna 26 a rana ɗaya. Icon yana cikinsu. Shi ma Baring Brothers, wanda ya haura shekara 200 da kafuwa, ya rushe cikin 1995 saboda cacar da wani ma'aikacinsa guda ya yi da kuɗin bankin a Singafo. A wancan zamani, abin da Hukumar Inshorar Ajiya ta NDIC ke lamunce wa mai ajiya bai wuce Naira 50,000 ba, saboda haka wanda ajiyarsa ta fi haka sai ya jira abin da za a samu daga sayar da kadarorin bankin.

Malam Sanusi bai ga ƙarshen Icon daga ciki ba, domin tun farkon shekarun 1990 ya ajiye aiki ya tafi Sudan, inda ya karanci Shari'a da ilmin addinin Musulunci a Jami'ar Afirka da ke Hartum, ya gama cikin 1997. Da ya dawo gida sai ya shiga bankin UBA, a sashen da ke auna kasadar rance, ya yi ta hawa har ya zama janar manaja. Cikin 2005 First Bank ya ɗauke shi a matsayin babban darakta mai kula da wannan fanni, cikin Janairu 2009 kuma ya zama shugaban bankin baki ɗaya. Shi ne ɗan Arewa na farko da ya riƙe wannan kujera tun da aka kafa bankin cikin 1894.

Aikin Mai Auna Kasada

Ya kamata a ɗan tsaya a nan a bayyana irin aikin da ya ƙware a kai, domin shi ne mabuɗin abin da ya biyo baya. Kuɗin da banki ke rantarwa yawancinsu ba nasa ba ne, ajiyar mutane ce, watau amana. Abin da masu banki suka zuba da kansu shi ake kira jari, kuma shi ne garkuwar masu ajiya. Idan rance ya maƙale, daga jari ake fara cike giɓin. In bashin da ya maƙale ya fi jari yawa, to, ajiyar mutane ce ta fara zurarewa, ko da kuwa ƙofar bankin a buɗe take, ana ta shiga da fita.

Mai auna kasada shi ne wanda ke zama tsakanin ma'aikacin da ke ɗokin ba da rance da kuɗin masu ajiya. Tambayoyinsa kullum iri ɗaya ne: wa zai karɓi kuɗin, me zai yi da su, daga ina zai biya, kuma in ya kasa, me ya jinginar? Ba aiki ne mai farin jini ba, domin rabinsa hani ne. Amma wanda ya daɗe a cikinsa yakan san hanyoyin da ake bi a ɓoye bashin da ya lalace. Akan ba wanda ya kasa biya sabon rance domin ya biya tsohon, sai littafi ya nuna kamar yana biya. Akan sake wa rance suna a fitar da shi daga lissafin da hukuma ke dubawa. Har ila yau, da yake a da kowane banki yana da watan da yake rufe lissafinsa na shekara, sai wannan ya ara wa wancan kuɗi ya yi ado da su a ranar lissafi, bayan kwana kaɗan ya mayar.

Haɗewar Bankuna da Faɗuwar Kasuwa

Cikin Yuli 2004 Gwamnan Babban Banki na lokacin, Farfesa Charles Soludo, ya ba da umarnin kowane banki ya ɗaga jarinsa daga Naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka harhaɗe suka koma 25. Manufar ita ce a sami bankuna masu ƙarfi, an kuwa same su ta fuskar girma. Sai dai kuɗin da suka taru a hannunsu sun fi ƙarfin tsarin da ke akwai na lura da yadda ake rantar da su. Aka riƙa ba mutane rance domin su sayi hannun jari, galibi ma hannun jarin bankunan ne, a kuma karɓi wannan hannun jari a matsayin jingina. Aka kuma zuba kuɗi masu yawa a hannun masu shigo da man fetur daga waje.

Muddin farashi na hawa, kowa na ganin riba a takarda. Cikin Maris 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas ya haura 66,000, bayan shekara guda ya faɗo zuwa wajen 20,000. Gangar ɗanyen mai, wadda ta kai Dala 147 cikin Yuli 2008, ta faɗo ƙasa da Dala 40 kafin ƙarshen shekarar. Jingina ta zama takardar banza, masu bashi suka kasa biya, waɗansu bankuna kuma suka koma rayuwa da rancen gaggawa daga Babban Banki. A cikin wannan hali ne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya zaɓi Malam Sanusi, Majalisar Dattawa ta amince da shi ran 3 ga Yuni 2009, ya zama Gwamna na goma tun da bankin ya fara aiki cikin 1959.

Ba shi ne na farko da ya zo daga bankin kasuwanci ba. Paul Ogwuma ya shugabanci Union Bank kafin ya zama Gwamna cikin 1993, haka kuma Joseph Sanusi ya shugabanci UBA da First Bank kafin 1999. Abin da ya bambanta Malam Sanusi shi ne fannin da ya fito, da kuma lokacin da ya zo.

Ranar 14 ga Agusta

Abin da ya fara yi shi ne tura masu bincike na Babban Banki da na NDIC su duba littattafan bankuna, rance bayan rance. Ranar wanka, in ji Hausawa, ba a ɓoyon cibi. Ran Jumma'a 14 ga Agusta 2009 ya ba da sanarwar sauke shugabannin bankuna biyar: Afribank da Finbank da Intercontinental da Oceanic da Union Bank. Binciken ya nuna cewa daga cikin rancen wajen Naira tiriliyan 2.8 da waɗannan bankuna suka bayar, kimanin kashi 40 cikin 100 ya maƙale. Babban Banki ya zuba musu Naira biliyan 420, ya naɗa musu sababbin shugabanni, ya kuma tabbatar wa masu ajiya cewa kuɗinsu na nan. Bayan 'yan kwanaki aka buga sunayen manyan masu bashi a jaridu, cikinsu har da attajirai da 'yan siyasa waɗanda kowa ya sani. Ran 2 ga Oktoba aka sauke shugabannin Bank PHB da Spring Bank da Equitorial Trust, aka ƙara zuba Naira biliyan 200 a waɗannan uku da Wema. Jimla ta kama biliyan 620.

An miƙa waɗansu daga cikin shugabannin ga Hukumar EFCC. Cikin Oktoba 2010 tsohuwar shugabar Oceanic, Cecilia Ibru, ta amsa laifi, kotu ta yanke mata ɗaurin wata shida, aka kuma ƙwace kadarorin da aka ƙiyasta a kan wajen Naira biliyan 190. Shari'o'in waɗansu kuwa sun yi shekara da shekaru a gaban kotuna.

Cikin Fabrairu 2010 Malam Sanusi ya gabatar da lacca a bikin yaye ɗalibai na Jami'ar Bayero ta Kano, inda ya lissafta dalilai takwas da suka jawo wannan masifa. Ya ambaci rashin riƙon amana a shugabancin bankuna, da yadda waɗansu shugabanni suka kafa kamfanonin jeka-na-yi-ka suna ranta wa kansu kuɗin masu ajiya, har ma da yadda wani ɓangare na jarin da aka ce an tara ya kasance daga ajiyar mutane aka ɗebo shi. Bai kuma ware Babban Bankin kansa daga laifi ba, domin ya sa raunin bincike da rashin tilasta bin doka a cikin dalilan.

Daga Hukunci Zuwa Doka

Sauke mutum takwas aikin kwana biyu ne. Aikin tsara manufa shi ne toshe ƙofofin da aka bi, kuma a nan ne za a ga sawun tsohon aikinsa a fili. An tilasta wa dukkan bankuna su riƙa rufe lissafinsu a rana ɗaya, watau 31 ga Disamba, wanda ya kashe dabarar aron kuɗi domin ado. Cikin Janairu 2010 aka ƙayyade cewa kada shugaban banki ya wuce shekara 10 a kujera, abin da ya sa Tony Elumelu na UBA da Jim Ovia na Zenith suka sauka a wannan shekara. Cikin 2010 ɗin dai aka soke tsarin da ya ba banki damar haɗa karɓar ajiya da dillancin hannun jari da inshora a ƙarƙashin lasisi ɗaya, domin kada a sake yin caca da kuɗin masu ajiya.

Saura bashin da ya riga ya lalace. Domin shi aka kafa hukumar AMCON, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa dokarta hannu cikin Yuli 2010. Aikinta shi ne ta sayi irin wannan bashi daga bankuna, ta ba su takardun lamuni a madadinsa, sa'an nan ta bi masu bashin da kanta. Cikin Agusta 2011 aka janye lasisin Afribank da Bank PHB da Spring Bank saboda ba su sami masu zuba sabon jari ba, aka mayar da su Mainstreet da Keystone da Enterprise a hannun AMCON. Access ya haɗiye Intercontinental, Ecobank ya ɗauki Oceanic, FCMB ya ɗauki Finbank, Sterling kuma ya ɗauki Equitorial Trust.

Babbar nasarar wannan aiki ita ce babu mai ajiyar da ya rasa kuɗinsa a waɗannan bankuna, saɓanin abin da ya faru cikin 1998. Saboda haka mujallar The Banker ta Ingila ta zaɓe shi gwarzon gwamnonin manyan bankuna na duniya a farkon 2011. Amma an biya farashi. Masu hannun jari a bankuna ukun da aka janye wa lasisi sun yi asarar abin da suka zuba, cikinsu har da ƙananan ma'aikata da 'yan fansho. Dubban ma'aikatan banki sun rasa aiki. Shekara 10 bayan kafa AMCON, bashin da take bi bai sauko ƙasa da Naira tiriliyan 4 ba. Waɗansu sun soki yadda aka yi abin a bainar jama'a, suna cewa ya firgita kasuwa, waɗansu kuma suka fassara shi da cewa wata manufa ce ta Arewa a kan bankunan Kudu.

Wannan zargi na biyu ya ƙara ƙarfi cikin 2011, lokacin da Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin banki marar kuɗin ruwa. Dokar bankuna ta 1991 ta riga ta ambaci bankin da ake raba riba da asara, kuma an fara shirin tun kafin zuwansa, amma da yake mai sa hannun ya yi karatun Shari'a a Hartum, sai muhawarar ta koma ta addini. Bankin Jaiz ya fara aiki cikin Janairu 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano. Daga nan ya bayyana cewa a fagen manufa ana auna mai magana da asalinsa kamar yadda ake auna hujjarsa, abin da ba a saba yi ba a kwamitin rance.

Tambayar da Ta Kai Ga Gwamnati

Babban Banki shi ne kuma ma'ajin Gwamnatin Tarayya, saboda haka idon da ya duba littattafan bankuna dole ya faɗa kan na gwamnati. Tun ƙarshen 2010 ya yi karo da Majalisar Tarayya, bayan ya ce kashi 25 cikin 100 na kuɗin gudanar da ofisoshin gwamnati a kanta suke ƙarewa. Cikin Yuli 2013 ya umarci bankuna su killace rabin ajiyar hukumomin gwamnati a Babban Banki, aka kuma ɗaga zuwa kashi 75 cikin 100 a Janairu 2014. Dalili shi ne hukumomi kan ajiye kuɗi a bankuna kusan kyauta, bankunan kuma su juya su ranta wa gwamnati kuɗinta da ruwa mai tsada. Wannan ciniki ne da duk wanda ya shugabanci banki ya san shi.

Cikin Satumba 2013 ya rubuta wa Shugaba Jonathan wasiƙa cewa Kamfanin Mai na Ƙasa, watau NNPC, bai shigar da Dala biliyan 49.8 na cinikin ɗanyen mai a asusun tarayya ba, daga Janairu 2012 zuwa Yuli 2013. Wasiƙar ta fita ga jama'a. Bayan an zauna an daidaita lissafi cikin Disamba, adadin ya sauko zuwa biliyan 12 a wajensa, Ma'aikatar Kuɗi kuma ta ce biliyan 10.8 ne. Cikin Fabrairu 2014 ya gaya wa kwamitin Majalisar Dattawa cewa abin da ba a yi bayaninsa ba ya kai biliyan 20. Wannan sauye-sauyen adadi ya ba abokan hamayyarsa abin riƙewa. Bambancin da ke tsakanin wannan da binciken 2009 a fili yake: a wancan karo doka ta ba shi ikon shiga banki ya buɗe kowane littafi, ya kuma hukunta, a wannan karo kuwa yana lissafi ne daga waje, kuma wanda yake tuhuma yana ƙarƙashin wanda ya fi shi iko.

Ran 20 ga Fabrairu 2014, yana wurin taro a Yamai ta Jamhuriyar Nijar, aka ba da sanarwar dakatar da shi, bisa zargin sakaci wajen kashe kuɗin Babban Banki, zargin da ya musanta. Dokar Babban Banki ta 2007 ta ce ba a cire Gwamna sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa, gwamnati kuwa ta ce ita dakatarwa ta yi, ba cirewa ba. Mataimakiyarsa Sarah Alade ta riƙe ofis har Godwin Emefiele ya karɓa cikin Yuni. Binciken da kamfanin PwC ya yi daga baya, wanda aka bayyana sakamakonsa cikin 2015, ya ce akwai aƙalla Dala biliyan 1.48 da ya kamata a mayar wa asusun tarayya. Ran 8 ga Yuni 2014, bayan rasuwar Sarki Ado Bayero, aka naɗa Malam Sanusi Sarkin Kano. An sauke shi cikin Maris 2020, gwamnatin jihar ta mayar da shi cikin Mayu 2024, al'amarin da ya kai gaban kotuna. Wannan kuwa wani babi ne dabam.

Kammalawa

Idan aka dubi waɗannan shekaru 29, za a ga cewa tambaya ɗaya Malam Sanusi ya riƙa yi tun daga teburin rance har zuwa kujerar Gwamna, watau ina kuɗin mutane suka shiga, wa kuma zai biya. Sanin cikin gida ya sa ya gano ɓarnar bankuna cikin wata biyu da rabi, ya kuma san irin dokokin da za su toshe ta, kamar rufe lissafi a rana ɗaya da ƙayyade wa'adin shugabanni. Amma wannan sani bai hana nauyin ceton bankuna ya daɗe a wuyan jama'a ba, bai kuma tsare kujerarsa ba ranar da tambayar ta juya ga gwamnati. Abin da ya rage ga masu nazarin tarihin hukumomin Nijeriya shi ne batun da dakatarwar 2014 ta tayar: iyakar 'yancin da mai lura da amanar jama'a yake da shi a gaban wanda ya naɗa shi. Cikin Yuni 2023 an sake dakatar da wani Gwamnan Babban Banki, watau Emefiele, ta irin wannan hanya, ba tare da an bi ta Majalisar Dattawa ba.